Gawayin da Na Shanya a Ƙarƙashin Tarwaɗa

Horon da aka ba mu a wannan ma'aikata bai cika ba. Na faɗa a gaban manya, ina kuma sake faɗa a rubuce. An koya mana zafin wuta, an koya mana awon sitaci, an zana mana yadda iska ke zagaya gawayi a wurin shanya, har da kibiyoyi a allo. Babu wanda ya buɗe baki ya ce gawayi yana shan warin abin da ke kusa da shi kamar yadda tsumma ke shan ruwa. Da an faɗa, da ranar Larabar nan ta gidan biki a Umarari ba ta same ni ba. Ranar ta ƙi fita daga kaina har yau. Tunda ku sababbin ma'aikata kuna tsintar labarin guntu-guntu a bakin masu dariya, gara ku ji shi daga bakin mai shi.

Ga wanda bai san aikinmu ba, gawayi muke yi ba tare da an sare itace ba. Muna tara ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa da totuwar masara, abubuwan da a da ake zubarwa a juji. A zuba a durom, a kunna, a rufe bakinsa don kada su zama toka, sai su yi baƙi ƙirin. A niƙa, a kwaɓa da sitacin rogo, inji ya matse ya fito da su dunƙule-dunƙule. Daga nan sai shanya, kuma shanyar ita ce rabin aikin. Wanda bai bushe har ciki ba hayaƙi yake yi, ya farfashe a buhu, in ya daɗe ya yi fumfuna.

Ni da niƙa na fara, na koma kwaɓi, daga baya aka ba ni shugabancin sashen shanya da rabo. A samana akwai manaja, Injiniya Mustafa, sa'an ɗana na fari, mai haƙuri, yana kirana Ya Zara. Kafin in zo nan na yi sama da shekara ashirin ina sayar da busasshen kifi a kasuwar Baga Road. Sai da na yi jika na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma da yake a makare na sami karatun, duk abin da aka rubuta a allo nakan riƙe shi kamar hukuncin alƙali. Abin da ba a rubuta ba kuwa, a wurina babu shi.

Masu tuyar ƙosai da masu shayi sun karɓi gawayinmu ba gardama. Amma ni idona yana kan kaskon turare. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san mace za ta iya kwana ba ta ɗora tukunya ba, amma ba za ta kwana ba ta sa turare ba. Ka lissafa kasko nawa ake hurawa safe da yamma daga Mafoni zuwa ƙarshen gari, sannan ka tsaya bakin titi ka kalli motocin gawayi suna shigowa a tanƙware, za ka san inda itatuwan dajinmu suke tafiya. Na ce wa Injiniya in muka samu masu turare, mun samu gari.

Masu turare kuwa ba sa motsi sai Hajja Falmata ta Mafoni ta motsa. Dattijuwa ce, a hannun kakarta ta koyi suyar turare, kuma manyan gidaje ita suke kira ta turara kayan amarya. Ba ta da shago, ba ta da allon talla. Sunanta ne shagonta. Na yi ta zarya gidanta har masu gadin layin suka san ni.

"Zara, kai wa masu ƙosai ƙuli-ƙulin nan naki," in ji ta ranar farko. "Turarena ba ya hawa shara."

"Hajja, ba shara ba ce, fasaha ce."

"Fasahar ma ai daga juji kuka kwaso ta."

Ba maganar daji ce ta karya ta ba, duk da na yi mata ita har na gaji. Tartsatsi ne. Gawayin itace yakan yi tsalle, kuma ya taɓa huda mata lafayar wata matar babban mutum. Namu ba ya tartsatsi, ba ya hayaƙi, garwashinsa yana daɗewa. Ta gwada a ɗakinta, ta gwada a kayan jikokinta. Rannan a daminar bara waccan ta aiko a kira ni. Ta ce an ba ta aikin kayan wata amarya a Umarari, gidan dillalan shanu, mutane masu yawa da baki masu yawa, kuma da gawayinmu za ta yi.

"Na gaya musu da bakina," ta ce. "Gwaggon amaryar, Hajja Bintu, ta ce ba su san wannan gawayi ba. Na ce mata kun san ni. Kin ji abin da na ce, Zara?"

Na ce na ji. Na fito ina tafiya kamar an naɗa ni gwamna.

Sai sama ta ɓalle. Watan Agusta ne, in ba a yi ruwa ba to hadari ya rufe rana. Tsohon gawayin da muke da shi duk an kai wa masu shayi, sabon da muka matse yana kwance a rumfa da laushi kamar tuwon jiya. Biki yana matsowa.

Injiniya ya ce, "Ya Zara, ki je ki ba ta haƙuri. Ta yi wannan da na itace, na gaba ta yi da namu."

"In na koma na ce babu, ba za ta sake buɗe mini ƙofa ba."

"To rana ce babu. Ni ba ni da rana a aljihu."

"Ni na san inda take," na ce.

Kusa da kasuwar kifi wata ƙungiya ta gina wa 'yan kasuwa ɗakin busarwa. Dogon ɗaki ne mai rufin leda mai kauri wadda haske ke ratsawa. Ko rana ta leƙo kaɗan, zafin yana taruwa a ciki, fanka mai aiki da faifan sola tana fitar da danshi. An yi shi ne don kifin da ya jiƙe a hanya daga tafki ya sake bushewa kafin ya yi tsutsa. Babu ƙuda, babu ƙona itace. A ciki akwai ragar waya hawa-hawa. Mai kula da shi Ba Modu ne, tsohon abokin cinikin marigayi maigidana.

"Wushe, Ba Modu," na gaishe shi.

"Wushe, 'yar makaranta. Yau kin tuna da mu masu ƙarni?"

Na gaya masa buƙatata. Ya ce ragar ƙasa babu kowa, in zuba. A ragar sama tarwaɗa ce, manya masu maiƙo. Na duba fanka, na duba ƙofar iska, na zana masa kibiya a ƙasa da tsinke, na nuna masa yadda iska ke shiga ta ƙasa ta fita ta sama, wato ta gawayina za ta fara bi kafin ta kai ga kifi. Ya ce bai taɓa jin bayani mai daɗi haka ba. Babu wanda ya tuna a cikinmu cewa iska ce kawai ke hawa sama. Man kifi kuwa gangarowa yake yi.

Da na dawo ɗauka, gawayin ya bushe ƙayau, in ka buga biyu sai ka ji ƙara kamar tangaran. Na ga wasu ɗige-ɗige suna ƙyalli a jiki.

"Man tarwaɗa ne," in ji Ba Modu. "Ai ƙari kika samu. Zai fi saurin kamawa."

Wallahi sai da na ƙudurta zan kai wa Injiniya wannan a matsayin sabon bincike.

Kada ku ce ban duba ba. Na duba. Na ɗauki guda na kai hanci na shaƙa har cikin ƙirji, ban ji komai ba. Don in tabbatar na nemi shaida, na miƙa wa Ba Modu, mutumin da ya yi shekara arba'in yana barcin rana a kan kwalin banda. Ya shinshina ya ce tsaf yake. Mu biyun nan muka zauna muka yanke hukunci. Mai keken da ya ɗauke ni ya waiwayo a hanya ya ce, "Mama, kifi ne a buhun?" Na ce masa daga kasuwar kifi ka ɗauko ni, furen fulawa kake so ka ji? Ya ci gaba da tuƙinsa.

Ranar Laraba na ci ado, na sa lafayata ta zuwa suna, na cika wayata da caji don in ɗauki hoton da ofis zai sa a shafinsa. Gidan ya cika da mata. A tsakar gida ana ta girki, tukwane jere, saboda haka da masu taya Hajja Falmata suka hura garwashin a bakin ƙofa, duk wanda hancinsa ya ji wani abu ya ɗora wa tukunya.

Ga yadda ake aikin. A zuba garwashi a kasko, a barbaɗa turare, a kifa kabbasa a kai, wato kwandon nan mai ƙafa da ake yi don turara kaya. A shimfiɗa lafaya a kan kabbasar, a lulluɓe da bargo. In an jera duka, a rufe taga da ƙofa, kowa ya fita, a bar hayaƙin ya shiga zaren. Turaren da aka yi haka yakan yi watanni a jikin tufa. Abin da ake biyan Hajja Falmata ke nan, ƙamshin da ba ya fita.

Muka zauna a baranda. Ni ina ta bayani ga duk wadda ta yi kuskuren zama kusa da ni, ina nuna musu hoton durom da inji, ina gaya musu itace nawa za a bari a tsaye in kowane gida ya koma namu. Ina cikin magana wata mage ta diro daga katanga, ta wuce tukwanen nama ko kallo, ta je ta zauna a ƙofar ɗakin da aka rufe. Can wata ta biyo. Kafin in gama maganar hamada sun zama huɗu, ɗaya tana tura hannu ta ƙarƙashin ƙofa tana kuka.

Hajja Bintu ta ɗaga kai. Doguwa ce, mai murya, ba ta saba tambaya sau biyu ba.

"Wa ya sa miyar kifi a girkin nan? Ban ce a sa ba."

Masu girki suka rantse babu kifi a gidan. Hajja Falmata ta miƙe a hankali, ta kori magunan da ƙafa, ta buɗe ƙofa.

Na ga mata suna ja da baya, kowa ta kai gefen mayafi hanci. Wata ta yi salati. Wata mai ciki ta ruga bayan gida. Ni kuwa na kutsa ciki, na tsaya a tsakiyar hayaƙin, na shaƙa, na juyo na ce da ƙarfi, "Ni fa ban ji komai ba. Ƙamshi ne kawai."

Wata tsohuwa ta ce, "Baiwar Allah, hancin naki na ado ne?"

Aka yi dariya, amma gajeriya, domin Hajja Bintu ta yaye bargo ta ɗago lafayar farko, fara mai zaren gwal wadda amarya za ta sa ranar kai ta. Ta kai hanci, ta sauke. Ba ni ta kalla ba.

"Falmata. Da wane mai kika soya turaren nan?"

Ku da ba ku san sana'ar ba, babu zagin da ya kai wannan. Turare da mayuka masu tsada ake soya shi, kuma abin da ake zargin 'yan ha'inci da shi ke nan, su sirka da man banza. A gaban mata cike da gida aka yi wa dattijuwar nan wannan tambaya.

Ta je wurin buhun da ya rage, ta ɗauki ɗanye guda, ta karya, ta shinshina. Ta daɗe tana kallon ƙyallin da ke jikinsa.

"Zara, a ina ya bushe?"

Muryar da nake cika kasuwa da ita ta gudu. Na faɗa, amma a hankali. Da na ga abin yana neman wucewa na ɗaga murya na sake faɗa, na ce gawayina ne, a ƙarƙashin tarwaɗa na shanya shi.

Hajja Bintu ta ce, "Gawayi ba ya wari. Wuta ce, tana cinye komai. Falmata, kin samo wadda za ta ɗauke miki laifi ne?"

Abin da na yi imani da shi har safiyar ranar, shi ta mayar mini, kuma ban da abin da zan karya shi da shi sai baki. Matan kuwa sun riga sun watse gungu-gungu, kowa da waya a kunne. Ina tsaye wayar Hajja Falmata ta yi ƙara. Na ji tana cewa, "To. Babu komai. Allah ya sa alheri." Wani aikin ne aka janye tun ba a kai la'asar ba.

Ta sa aka naɗe lafayoyin za ta tafi da su gida ta ga abin da iska da sabon turare za su iya. Na kai hannu zan taya ta.

"Ba da waɗannan hannuwan ba," ta ce. "Jeki gida, Zara."

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Na wuce ofis na gaya wa Injiniya. Da na kai wurin maguna ya kifa kai a tebur yana dariya har da hawaye. Da na kai wurin Hajja Bintu ya daina.

"Yanzu sunan wa ake kira a gari?"

"Na Hajja."

"Ba namu ba?"

"Ba su yarda gawayi ne ba."

Ya ce, "To ki bar shi haka, Ya Zara. Zan je da kaina in ba ta haƙuri, mu ga abin da za mu yi mata. Amma kada ki koma gidan nan. In aka tabbatar gawayinmu ne, ba Umarari kaɗai ba, har masu shayi za su fara shinshina buhu. Dubi matan da ke niƙa a waje. Yawancinsu wannan aikin ne ya raba su da shiga daji neman itace. Kin san abin da ke dajin."

Na sani. Ban kuma ce yaron nan mugu ne ba, gaskiyarsa ya faɗa. Rannan ce kaɗai tun da na fara aiki na fita ofishinsa ba ni na yi maganar ƙarshe ba.

Da na isa gida bayan magariba, 'yata Yagana ta zo da yaranta. Tun daga zaure ta ce, "Mama, kin koma kifi ne?" Na ba ta labari. Ita ma ta yi dariyarta ta ƙoshi, sannan ta ce, "Ke ba ki sani ba? Tun muna yara in kifi ya lalace a ɗaki mu ke gaya miki. Mun ɗauka kin san hancinki ya yi ritaya." Shekara da shekaru gidana kaf sun sani, babu wanda ya ga ya dace ya sanar da mai hancin.

Daga wannan abin ne aka sa dokoki biyun da kuke gani a ƙofar rumfar shanya. Ba a shanya gawayi kusa da wani abu mai wari ko mai maiƙo. Kuma kowane kashi sai an ƙona guda a rufaffen ɗaki, mutum biyu sun shiga sun shaƙa, kuma ba a yarda ni in zama ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ba a rubuta a ƙofar ba shi ne wannan: sabon abu ba shi da suna a gari. Duk ranar da kuka ga wani ya karɓi kayanmu, to wani ne ya ara mana nasa sunan, mai shayi ko mai ƙosai ko dattijuwa irin Hajja Falmata. Mu in mun yi kuskure sai mu sake kwaɓi. Shi mai sunan ba shi da injin da zai matso wani.

Washegari da safe ban biya ta ofis ba. Na ɗauki kaskona na ɗaki, na aiki Yagana Mafoni ta sayo mini turaren Hajja ba tare da ta ce ni ce ba, na tsaya a bakin titi na sayi ƙullin gawayin itace, ni da na yi shekaru ina zagin masu sayensa. Na shiga keke zuwa Umarari.

Mata sun fi na jiya yawa, ana shirin ƙunshi. Buhuna yana nan a jingine bayan ƙofa inda aka yar da shi. Na jawo shi tsakiyar gida, na ari kasko na biyu, na zauna a ƙasa da lafayata.

Hajja Bintu ta fito. "Ke kuma me ya dawo da ke?"

"Hajja, kin ce gawayi ba ya wari. Ni ba ni da hanci, an tabbatar mini jiya. Ku masu shi ku matso."

A kasko na farko na hura gawayin itace, na barbaɗa turaren Hajja Falmata. Aka shaƙa, wata ta lumshe ido. A na biyu na zuba nawa zalla, babu ko ƙwayar turare, na ɗaga hannuwana kowa ya ga babu komai a ciki. Na ce sunan ma'aikatarmu da ƙarfi, na ce nawa sunan, na ce ni na shanya shi. Sannan na sunkuya na yi ta fifita.

Ban ji lokacin da ya tashi ba. A fuskokinsu na gani, layi-layi, daga na kusa zuwa na nesa.

Hajja Bintu ta toshe hanci da gefen mayafi, ta tsaya kallon kaskon nan har garwashin ya yi ja. Sannan ta juya ta ce a kira mata direba.

"Mafoni za mu," ta ce. "Ke kuma kashe abin nan kafin ki kore mana baƙi. Ki shiga gaba, kusa da taga."